Fuskar Talata

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Gwaggo kuma ta riga mu tafiya. Ta cika da hantsi a ɗakinta a Karaye bayan 'yar gajeriyar jinya, aka kai ta kafin azahar. Ni ina Rogo a ɗakin aurena saƙo ya same ni, ko da na iso har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Sai da na ratsa ta cikin maza kafin in kai soro, don haka na ji abin da suke faɗi, ba wani ne ya ba ni labari ba. Wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, mace mai zumunci." Aka amsa da amin. Sai ya sauke murya ya ƙara da cewa, "Sai dai wannan harka tata ta hoto, Allah ya yafe mata." Aka sake cewa amin, ta biyun ma ta fi ta farko ƙarfi. Duk wanda ya zo haka yake yi, ya yabe ta sannan ya liƙa mata "sai dai" a ƙarshe. Na tsani wannan kalma tun daga ranar, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

A cikin gida abin daban ne. Mata sun cika tsakar gida, na Karaye, na Kwanyawa, har da waɗanda suka biyo motar kasuwa daga Zoza da Rogo Ruma. Suna kuka na gaske, irin wanda ba a ɗaga murya. Kowacce ta zo yi min gaisuwa sai ta riƙe hannuna fiye da yadda aka saba, ta matso kusa da kunnena.

"Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana. Ina adakar?"

Adakar tana ƙarƙashin gadon Gwaggo inda take kullum, akwatin ƙarfe ce koriya mai zanen fure. Hotunan matan nan ne a ciki, da na iyayensu mata, da na 'ya'yansu.

Washegari Baffa ya aiko a kira ni. Shi ne babba a ɗakinsu, mahaifina na bin sa, Gwaggo ce auta. Ya daɗe yana aikin rubutu a ofishin hakimi, kuma a gidanmu idan ya yi magana an gama. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya yi ja, don Allah ya sani yana son ƙanwarsa.

Ya ce, "Ke ta riƙa, ke za ki ji wannan. Ran sadakar bakwai, da la'asar, a fito min da akwatin nan. Zan ƙone abin da ke ciki. Ba zan bar ƙanwata ta kwanta da wannan nauyi ba. Ga shi kuma matan mutane ne, wasu ko mayafi babu. Idan aka zo rabon gado hannun wa za su faɗa?"

Na tashi na fito. Bai sa wa adakar kwaɗo ba, don bai taɓa tunanin akwai mai tsallake maganarsa ba.

Bari in gaya muku wacece wannan da ake nema wa gafara saboda kyamara.

Gwaggo ce ta ɗauke ni tun daga yaye, don Allah bai bar mata nata ba. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, manema suka yi ta zarya, ta ce ta gode. Ta kama sayar da atamfa da turare da kayan kwalliya gida-gida, yau tana Karaye, gobe tana Rogo, jibi ta nausa ƙauyuka. Da wannan sana'a ta je Makka a farkon shekarun tamanin. Takwarorinta suka dawo da haƙorin Makka, ita ta dawo da wata baƙar kyamara rataye a wuya.

Ba ta san komai a kanta ba. Mai kantin da ya sayar mata ya yi mata bayani da Larabci da hannu, ta gyaɗa kai ta fito. Ranar da ta fara gwadawa ta jera mu a tsakar gida ta yi ta latsawa har fim ya ƙare. Sai ta zauna a kan turmi, rana tsaka, ta buɗe bayan kyamarar don ta ciro mana hotunanmu. Muka leƙa, ba kowa a ciki sai wani dogon abu mai kama da tsimma. Ta naɗe shi a gefen zane ta kai Kano wurin masu wankin hoto. Mai wankin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, ai rana ta cinye su." Gwaggo ta ce, "To, na ji. Gama dariyar ka ba ni wani."

Na biyu ya fito, amma babu kawuna. Duk wanda ta ɗauka daga wuya ya fara. Kaka, wato mahaifiyarsu, ta karɓi nata ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Zanen dai nawa ne, ƙafafun ma nawa ne. Auta, ina kika kai saurana?" Gidan ya ɗauki dariya, maƙwabta suka samu abin hira. Na uku kuma kawunan suka dawo amma fuskokin baƙi ƙirin, sai fararen idanu.

In wata ce, da ta jefa kyamarar cikin kwalla ta huta. Gwaggo ba ta zubar da ko ɗaya daga cikin ɓatattun nan ba. Ta ɗaure su da ƙyalle, tana kiran su malamanta. Idan ta dawo daga yawon sana'a ta yi sallar la'asar, sai ta baza su a kan gado ta tsura musu ido tana magana ita kaɗai. "Wannan rana ce a bayanta. Wannan hannuna ne ya yi rawa. Wannan na yi nisa, sai ka ce tsoron ta nake ji." A haka ta koya wa kanta, ba malami ba littafi. Ta gane rana tsaka ba ta yi wa baƙar fata adalci, sai hantsi ko bayan la'asar. Ta gane idan mace ta zauna a bakin ƙofar ɗaki haske ya zo mata ta gefe, har tsagen fuskarta sai ya fito. Ta daina kunna wutar kyamara, ta ce tana mayar da mutane kamar an shafe su da man gyaɗa. Ta koyi manna gwiwar hannu a haƙarƙari ta ɗauke numfashi kafin ta latsa. Idan wadda za ta ɗauka a zaune take, ita ma sai ta durƙusa, ko da ƙasa za ta ɓata mata sabon zane.

A lokacin akwai mai hoto a kasuwa, yana da labule mai zanen jirgin sama. Maza ne ke zuwa, su ci babbar riga su ɗora hannu a gwiwa. Shi iyakarsa soro, don gidajenmu ba a shiga. Matar da ke kulle sai ta haihu ta tsufa ta mutu ba wanda ya taɓa ɗaukar fuskarta. Gwaggo kuwa ba ƙofar da ke rufe mata, tunda mace ce kuma da ƙullin atamfa a kanta.

Matsalarta ɗaya, da mata sun ji an ce hoto sai su ruga ɗaki. Su fito sun sha hoda da jan baki, su tsaya ƙiƙam, su haɗe rai kamar an kawo musu sammaci. Gwaggo takan sauke kyamara ta ce, "Ke, ba fuskar Sallah nake nema ba, ta Talata nake so." Takan ɗauki ta Sallar guda don a zauna lafiya, sannan ta kwance ƙullinta a shiga ciniki da gulma. Sai matar ta saki jiki ta koma kan tankaɗe ko kitso, sai ka ji ƙyas. Ba ta taɓa ɗaukar mace ba tare da ta nemi yardarta tun farko ba, kuma ba sana'a ta mai da abin ba, so ne kawai.

Da yawa cikin matan ba su iya ajiye hotunan a ɗakunansu. Wata mijinta ba ya so, wata surukarta ce ba ta so. Sai su duba su ƙoshi, su miƙa mata su ce, "Hajiya, ajiye min." Haka adakar ta cika.

Akwai wata a Zoza da ba zan manta ba. Ɗanta na fari ya daɗe ba lafiya, ta roƙi Gwaggo ta ɗauke shi. Damina ce, mota ta ajiye Gwaggo a bakin hanya ta ƙarasa da ƙafa cikin taɓo, kyamara naɗe a leda a ƙarƙashin mayafi. Ta same shi a cinyar uwarsa, ta yi ta kaɗa masa warwaron hannunta har ya yi murmushi. Kafin a wanko hoton yaron ya koma. Mijin ya ce ba ya son ganin sa a gidansa, zai riƙa tayar musu da ciwo. Tun daga nan, duk zuwan da Gwaggo za ta yi Zoza sai ta sa hoton a cikin ƙullin atamfa. Matar ta shiga ɗaki da shi ta yi zamanta, in ta fito ta mayar mata. Shekaru suna haka. Ita ce ta fi kowa matse min hannu ranar rasuwa, ba ta ma iya yin tambayar ba.

Rigimarta da Baffa ta taso ne da wani magidanci daga Kwanyawa ya kai ƙorafin an ɗauki hoton matarsa har wurin aikin Baffa. Baffa ya shigo gida ko sallama bai ƙarasa ba.

"Auta, so kike ki zubar min da mutunci a garin nan?"

Gwaggo tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Hotonka nawa ne rataye a ofis, kana tsaye bayan hakimi?"

"Wannan aiki ne. Namiji daban."

"Inna da ta haife ka fa? Ita ba ta yi aiki ba?"

Baffa ya ce, "Bar wannan zancen. Direba kike ba fim ya kai Kano. Ƙato ya wanke, ƙato ya kawo, duk sun gama kallon matan mutane kafin ya zo hannunki."

Nan Gwaggo ta ajiye faifan. Ta ce, "Wannan gaskiyarka ce, na karɓa. Sauran ban karɓa ba."

Daga ranar ba ta sake ba kowa fim ba. Da kanta take hawa mota zuwa Kano, ta zauna a shagon wanki ta kafa wa mai wankin ido har ya gama ya zuba mata a ambulan. Baƙin fim ɗin da ake sake wanko hoto da shi kuwa, a gaban mai fuskar take jefa shi a murhu. Amma kyamara ba ta ajiye ba, Baffa kuma bai sauko ba. Damina guda ba su yi wa juna magana ba. Duk da haka kowace Juma'a sai ta dama fura ta aika masa, shi kuma ya shanye ya mayar da kwanon da goro a ciki, don a gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Har suka shirya ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Wadda ta fi ba ta wahala Kaka ce. Haƙoranta sun zube, don haka da ta ga kyamara sai ta datse baki ta kawar da kai. Gwaggo ta yi ta bin ta shekara da shekaru. Wata safiya Kaka na kaɗi a bakin ƙofa, hasken hantsi ya sauko mata a kunci, sai wata kaza ta yi tsalle ta kifar mata da alli. Kaka ta ɗaga mazari za ta jefe ta, sai dariya ta ƙwace mata. Nan take Gwaggo ta latsa. Wannan hoto shi ne mafi kyau da Gwaggo ta taɓa yi, ita ma ta san haka. Ta kai wa Baffa har gida, ya ƙi ko kallo, ya ce, "Na san fuskar uwata." Bayan shekara biyu Kaka ta rasu.

Wannan ce adakar da aka ce in fito da ita a cinna mata wuta. Ni ba malama ba ce, ba zan yi jayayya da kowa kan hukuncin hoto ba. Abin da na sani shi ne kayan cikinta ba na Gwaggo ba ne, ba na Baffa ba ne, ba na magada ba ne. Ajiya ce. Raina ya yi ta tafasa kwana da kwanaki, ina raba wa baƙi ruwa ina haɗiye magana.

Ranar sadaka da sassafe aka fara dakan gumba. Na shiga ɗakin Gwaggo na jawo adakar, ina cikin buɗewa sai ga matar Baffa ta ɗaga labule. Ta dube ni, ta dubi adakar, ta saki labulen a bayanta ta zauna.

"Matsa min, ke ba ki san rabinsu ba. Kuma akwai nawa a ciki."

Muka baza su a kan gado muna warewa. Na Karaye gefe, na Kwanyawa gefe, na Rogo da Zoza gefe. Wadda ta rasu, a ba 'yarta. Muka yayyaga ragowar ƙyallayen atamfar Gwaggo muka naɗe kowanne. Matan da ke cikin gidan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu shan ruwa, kowacce ta fita tana gyara ɗaurin zane. Waɗanda ba su samu fitowa ba kuwa gumba ce ta kai musu. Kun san yadda ake yi, a zuba a kwano, a rufe da murfi, a ɗora faifai a aika gida-gida, kuma ba namijin da ke ɗaga faifan kwanon mata. A tsakanin murfi da faifai muka riƙa sa ƙullin. Kwanuka suka yi ta ratsa soro, suna wucewa ta gaban dattawan da ke zaune, suna sa musu albarka. Matar Zoza da hannuna na ba ta nata. Ta ce ɗakin mahaifiyarta za ta kai shi, can ba mai hana ta gani.

Da muka zo kan na Kaka, matar Baffa ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kin san bara ya ce min fuskar Inna ta fara ɓace masa? Ya ce in ya rufe ido muryar yake ji, fuskar ba ta zuwa." Na karɓa na naɗe shi a ƙyalle mafi kyau, na sa a kwanon da za a kai gidansu.

Bayan la'asar Baffa ya shigo da kwalbar kananzir da kwalin ashana. Aka watse aka ba shi wuri. Na fito da adakar na ajiye a gabansa, na durƙusa. Ya ɗaga ta ya ji ba nauyi. Ya buɗe, ba komai sai ɗaurin malaman Gwaggo.

"Ina sauran?"

"Sun koma wurin masu su, Baffa."

"Wa ya ba ki izini?"

Na ce, "Ajiya ce. Kai ka koya mana ba a barin mamaci da ajiyar mutane a wuyansa. Na sauke mata. Ka ce kada su faɗa hannun maza, ba su faɗa ba. Abin da ke nata na kanta shi ne wannan, in za ka ƙona ga shi nan, amma ba da hannuna ba."

Ya ce, "Riƙon Auta bai ƙare ki da komai ba sai taurin kai."

Na ce, "Na gode, Baffa."

Ya fizge ƙyallen, ɓatattun hotuna suka zube a ƙasa, baƙaƙe, masu hazo, marasa kai. Ya sunkuya zai tattara, sai hannunsa ya tsaya a kan ɗaya. Ya ɗauko shi ya nisanta da idonsa, ya sake matso da shi. Zane ne na saƙi da ƙafafu biyu a cikin silifa, ba kai.

A hankali ya ce, "Wannan zanen Inna ne."

"Shi ne. Sauranta yana gidanka, a ƙarƙashin faifai."

Bai dube ni ba. Ya ajiye hoton a kan murfin adakar, ya ɗauki kananzirinsa da ashanarsa ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba.

Ni da Baffa ba mu taɓa tayar da wannan zance ba har ya bi ƙanwarsa. Bai ce na yi daidai ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Masu cewa "sai dai" suna nan har yau, wasunsu ma ba su san fuskar uwarsu na ƙarƙashin katifar ƙanwarsu ba. Su yi ta faɗi. Ni addu'ata ga Gwaggo ba ta da wutsiya. Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da irin alherin da ta yi wa matan da ba wanda ya ga ya dace a tuna da fuskarsu.

Washegarin sadaka matar Baffa ta dawo min da kwanon gumba da kanta, ta ce shi ya ce a kawo. Na ɗaga faifan ina zaton goro. Kwalin ashana ne a ciki, cike, ba a ƙyasta ko tsinke ɗaya ba.